Gam Ɗin da Ba Ya Shiga Tsakani: Tarihin Haɗa Ƙananan Jiragen Roba

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sana'ar hannu, ko kuwa in ce wasa, tun da masu yin ta ba su neman taro ko sisi da ita, wadda yara da dattawa suka yi tarayya a cikinta yau kusan shekara casa'in. Mutum yakan sayo kwali, ya buɗe, ya tarar da gutsattsarin roba hamsin ko ɗari ko fiye suna rataye a jikin sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe, tare da takardar bayani. Sai ya zauna ya yi ta yankewa yana haɗawa, yana gogewa yana shafa fenti, kwana da kwanaki, har ɗan ƙaramin jirgin sama ko na ruwa ko tankar yaƙi ya tsaya a gabansa, kowace gaɓa tasa bisa ma'aunin na gaskiya, illa dai an rage ta sau 72 ko sau 35. Mas'alar da ta fi damun sabon shiga, wadda kuma tsofaffin hannu ba su daina saɓani a kanta ba, ita ce wane gam ya kamata a haɗa sassan da shi. Ni kuwa a ganina ba a warware ta sai an koma asali, domin kwalabe da bututan da ke jere a kan teburin mai wannan sana'a kowannensu ɗan zamaninsa ne, wata bukata ce ta haife shi a wata shekara, kuma wanda ya san shekarar ya san bukatar ba zai ɗauki wannan a muhallin wancan ba.

Liƙa abu da abu ya girmi rubutu, ya girmi noma. A wani wurin fasa dutse da ake kira Campitello a ƙasar Italiya an tono duwatsu masu kaifi da baƙin danƙo a jikinsu, wanda aka tatso daga ɓawon wani itacen ƙasashen sanyi ta hanyar gasa shi, masana suka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 200,000. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu kuwa an sami shaidar cewa mazauna wurin, shekara 70,000 da suka shige, suna cuɗa ƙaron itace da jar ƙasa su kafa kan makami a sandarsa. Ƙaro dai ba baƙo ba ne a wurinmu, gama shi almajiri ke jefawa a tawada domin ta yi kauri ta yi sheƙi, kuma har yau daga dazukan Kurdufan da Barno ake ɗibarsa zuwa masana'antun duniya. Misirawan dauri su kuma fata da ƙashi suke dafawa har romon ya daskare, kuma a bangon kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Thutmose na uku, wajen shekara 1450 kafin Miladiyya, an zana kafintoci da tukunyar gam a kan wuta. Misirawan ne ma suka bar mana tsofaffin samfura masu ban sha'awa: a 1920 aka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, aka tarar da ƙananan jiragen ruwa na itace da matuƙansu, da rumbu da mahauta da masaƙa, waɗanda suka yi kusan shekara 4,000 a rufe.

Wannan ke nan abin da tono da zane suka tabbatar. Amma akwai ruwayar da ba ta da isnadi, wadda marubucin Rum, Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya kawo a littafinsa, cewa wai wani gwanin Yunanawa mai suna Daedalus shi ya fara ƙago zarto da gatari da gam. An ce kuma shi ne ya haɗa wa kansa da ɗansa Icarus fukafukan gashin tsuntsu, ya liƙe su da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Kirit, sai yaron ya yi sama fiye da kima, rana ta narkar da kakin, ya faɗa teku. Hikaya ce, ba wanda ya ɗauke ta tarihi. Ni dai abin da ke ba ni murmushi a cikinta shi ne, labarin tashi sama na farko da Turawa suka gada labari ne na wanda ya yi kuskuren zaɓen abin liƙi.

Duk waɗannan, da ƙaro da danƙo da kaki da gam ɗin fata, hukuncinsu ɗaya ne: kowannensu na uku ne mai shiga tsakanin biyu, kamar yadda laka ke shiga tsakanin tubali da tubali, ya kama wannan ya kama wancan, in ya bushe ya riƙe su, in danshi ko zafi ya same shi ya sake su. A kan wannan ƙa'ida duniya ta zauna dubban shekaru, har zuwa zamanin fursunonin yaƙi na Faransa da aka tsare a Ingila tsakanin 1793 da 1815, waɗanda suka riƙa sassaƙa ƙananan jiragen ruwa daga ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa.

Canji ya fara ne a 1862, sa'ad da Alexander Parkes ya baje a London wani abu mai kama da ƙaho da ya samo daga auduga da aka jiƙa a ruwan asid. Ba'amurke John Wesley Hyatt ya kyautata shi da kafur, ya yi masa rajista a 1870, aka sa masa suna seluloyid. Ana cewa wai kwaɗayin kyautar dala 10,000 da aka sa ga wanda zai samo madadin hauren giwa ne ya sa Hyatt cikin wannan bincike. Abin da ya shafe mu shi ne, masu aiki da seluloyid sun lura in an jefa ɓarɓashinsa cikin ruwan asiton sai ya narke ya koma kamar zuma, in kuma an shafa shi ruwan ya tashi sama, sai ya bar seluloyid busasshe wanda ruwan sama bai dame shi ba. Daga nan aka sami gam ɗin Ambroid a 1910, wanda asalinsa don facin kwalekwale aka yi shi. Da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai daga New York zuwa Paris a 1927, sha'awar jirgin sama ta kama samarin Amurka da Turai kamar wutar daji, suka dukufa kan haɗa ƙananan jirage da itacen balsa mara nauyi da takarda, irin wannan gam kuwa shi ya dace da su saboda saurin bushewarsa da rashin nauyinsa. A wannan kasuwa Nils Testor, ɗan asalin Suwidin, wanda ya kafa kamfaninsa a garin Rockford na Amurka a 1929 da gam ɗin gyaran takalma, ya sami abin yi. A Jamus kuma wani mai haɗa magunguna a garin Bühl, August Fischer, ya fito a 1932 da gam garai-garai wanda ya raɗa wa sunan mujiya, wato UHU.

A wannan shekara ta 1932 aka fara sayar da ƙunshin sassan ƙananan jirage na Skybirds a Ingila, na itace da ɗan ƙarfe, bisa zanen James Hay Stevens, kuma su suka kafa ma'aunin 1 cikin 72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida, ta yadda cikakken namiji zai koma tsawon gaɓar yatsa. A 1936 kamfanin FROG ya fitar da ƙunshin farko na roba a kan wannan ma'auni, ya kira shi Penguin, sunan tsuntsun ƙanƙara wanda ba ya tashi, domin waɗannan jirage na ajiya ne a kan kanta. Robar tasu asitet ce, 'yar'uwar seluloyid, kuma tana da illar da ba a gane ba sai da aka daɗe: in shekaru suka ja sai ta motse, fukafukai su lanƙwashe kamar fatar da aka manta a rana, mahaɗai su buɗe baki. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da cinikin amma ya yawaita masu sana'ar, gama a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa mata samfuran jirage 500,000 na itace, baƙaƙe, a kan ma'aunin 1 cikin 72, don koya wa sojoji bambance jirgin aboki da na abokin gaba daga nesa. Yaran da suka yi wannan aiki su ne suka zama iyaye da masu saye bayan yaƙi.

Robar da za ta gaji asitet kuwa ta daɗe tana jira. Tun 1839 wani mai haɗa magunguna a Berlin, Eduard Simon, ya tace ƙaron wani itace ya sami mai, ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya daskare, bai kuwa san dalili ba. Sai a 1920 Hermann Staudinger ya bayyana cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi da suka kama juna, maganar da takwarorinsa suka yi ta musantawa kafin a ba shi kyautar Nobel a kanta a 1953. Kamfanin IG Farben ya fara sarrafa wannan roba, folistirin, a farkon shekarun 1930, kamfanin Dow na Amurka ya biyo baya a 1937. Tana da arha, tana malala cikin mazubin ƙarfe ta ɗauko ko da zanen kan ƙusa ne, kuma ba ta motsewa. Nicholas Kove, mutumin Hangari da ya kafa Airfix a London a 1939, wanda bayan yaƙi ya koma zuba matajin kai na roba, ya karɓi aikin yin samfurin tarakta ta Ferguson a 1949, aka ga ya fi arha a sayar da ita a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. A farkon shekarun 1950 kuma ya fito da jirgin ruwan Golden Hind na folistirin, wanda kantunan Woolworths suka ce ba za su sayar da shi sama da sule biyu ba, dalilin da ya sa aka bar kwali aka zuba shi a leda. Jirgin saman yaƙi Spitfire ya biyo baya. A Amurka Revell ya fara da ƙananan motoci a 1951, ya fitar da jirgin ruwan yaƙi Missouri a 1953. Heller ya tashi a Faransa a 1957. A Japan Marusan ya buɗe fage a 1958, kuma Tamiya, wanda asalinsa gidan yankan katako ne a Shizuoka tun 1946, ya shiga roba a 1960.

A nan ne tsohuwar ƙa'ida ta karye, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Abin da ake sayarwa tare da waɗannan ƙunsoshi da sunan gam, hakikarsa ruwa ne mai narkar da folistirin. In ya taɓa fuskar roba sai ya kutsa tsakanin sarƙoƙin nan da Staudinger ya bayyana, ya sassauta su, fuskar ta yi taushi. In aka danna fuska biyu masu taushi, sarƙoƙin wannan su shige cikin na wancan su sarƙafe kamar zaren da aka cuɗa. Sa'an nan ruwan ya bi iska ya tafi, a wayi gari babu na uku a tsakani, sassa biyu sun zama jiki ɗaya. Walda ce ba wuta. Duk wata doka da tsofaffin hannu ke koya wa sabon shiga daga wannan asali ɗaya ta rassa. Dole a kankare fenti ko azurfar ado daga bakin mahaɗa, domin ruwan roba yake nema, in ya tarar da fenti ya riƙe fenti kawai. Ba ya kama ƙarfe, ba ya kama itace, ba ya kama robar da ba ya iya narkarwa. Abin da ya haɗa ba ya rabuwa sai da wuƙa, saboda haka ake gwada sassa a bushe sau biyu sau uku kafin a buɗe kwalba. In aka cika shi a cikin rufaffen wuri, kamar ƙuryar fiffike, ya rasa hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar daga ciki har bayan kwanaki a ga rami ya lotsa daga waje. Wanda kuma ya ɗora yatsa a inda ya malala ya buga tambarin yatsansa ke nan a jikin jirgin har abada.

Gam ɗin zamanin farko a bututu yake zuwa, ruwan toluwin ne da aka narkar da 'yar folistirin a cikinsa don ya yi kauri. Kaurin yana da amfani, domin yana ba yaro lokacin gyara zaman sashe, yana kuma cike ɗan giɓi. Amma yana da yauƙi kamar miyar kuɓewa, in an ɗaga bakin bututun sai zare ya biyo shi ya kwanta a kan fiffike, in kuwa ya taɓa gilashin ɗakin matuƙi, wanda shi ma folistirin ne garai-garai, sai ya dushe ya yi fari ba magani. Duk wanda ya tashi a Ingila ko Amurka a shekarun 1950 da 1960 ya san Spitfire mai makahon gilashi da farfela da ba ta juyawa.

A 1958 wani gam na dabam ya shigo kasuwa, wanda masu wannan sana'a ba su san za su bukace shi ba tukuna. Harry Coover ya fara cin karo da shi tun 1942, yana neman roba garai-garai ta saitin bindiga, ya yar da shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa; a 1951, a kamfanin Eastman Kodak, abokin aikinsa Fred Joyner ya ɗiga shi tsakanin gilasai biyu na wata na'urar awo mai tsada, suka ƙi rabuwa, sai Coover ya gane abin da ya ɗauka aibi shi ne amfanin. Aka sayar da shi da sunan Eastman 910. Wasu na cewa wai lambar daga ƙirga ɗaya zuwa goma ta samo asali, kafin ka kai tara da goma ya kama. Wasu kuma na cewa shi ne sinadari na 910 da aka gwada. Wannan gam shi ne sufa gulu da ake sayarwa a kowane shagon unguwa a yau. Ba bushewa yake yi ba. Ɗan danshin da ke kan fuskar abu ne ke sa ƙwayoyinsa su ƙulla sarƙa nan take, shi ya sa ya fi son yatsun mutum a kan komai. Kafin shigowarsa kasuwa an riga an sami Araldite na kamfanin Ciba a Suwizalan a 1946, mai bututu biyu da ake cuɗawa daidai wa daida, da kuma farin gam na ruwa irin na kafintoci.

Shekarar 1959 ta zo wa gam ɗin bututu da fitinar da ba ta da alaƙa da jirage. Ranar 2 ga Agusta jaridar Denver Post ta buga labarin yaran da ke shaƙar tururin gam don su bugu, tare da gargaɗi mai tsanani. Cikin 'yan shekaru al'adar ta bazu a biranen Amurka, garuruwa da jihohi suka yi ta kafa dokokin hana sayar wa yara gam, wasu wurare sai tare da ƙunshin jirgi. Edward Brecher, a littafin da ya wallafa a 1972, ya bi diddigin jaridun ya kafa hujja cewa kafin wancan labari da ƙyar ake samun ambaton al'adar a rubuce, kuma gargaɗin da kansa ya zama talla, gama ya gaya wa yara abin da za su saya da yadda za su yi da shi. Ko an yarda da hujjarsa duka ko an yarda da rabinta, cutar gaskiya ce, toluwin yana lalata ƙwaƙwalwa in an dawwama a kansa, kuma mu ba sai an ba mu labari ba, tun da sholishon masu faci da wasu samari ke zubawa a tsumma suna shaƙa dangin wannan ruwa ne. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Testors ya fara zuba man mustad a gam ɗinsa, wanda ke ƙona hanci ya sa hawaye in an kusanto da shi da yawa. Aka kuma fito da wani mai ƙanshin lemo, wanda ruwan ɓawon lemo ne ke narkar da robar a hankali, mai sauƙi ga hanci amma mai nawa wajen kamawa. Ingila ma ta kafa tata dokar a kan wannan fitina a 1985. Daga cikin 'ya'yan wannan fitina har da ƙunsoshin da ake dannawa su shige ba gam, waɗanda kamfanonin Amurka suka fara yi wa ƙananan yara.

Su kuwa manya, musamman masu gina ƙananan jiragen ƙasa da tashoshinsu daga fallayen roba, sun riga sun yi wani ijtihadi: in dai ruwan ne ke aikin, mene ne amfanin kaurin? Suka koma ga tsagwaron ruwa, irin su MEK, suna ɗiba da ɗan buroshi. Hanyar aikin ma ta juye. Maimakon a shafa sa'an nan a haɗa, sai a fara haɗa sassan a bushe, a riƙe, a taɓa bakin mahaɗar da kan buroshi, ruwan ya zarce cikin tsagar da kansa kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, cikin daƙiƙoƙi ya kama. Wanda ya fi shahara a yau shi ne Tamiya Extra Thin, mai kwalba murabba'i da koren murfi, wanda kusan rabinsa asiton ne rabi kuma butil asitet. Revell kuma yana da Contacta mai matsakaicin kauri da siririyar allura a baki, wadda ke kai ɗigo inda ake so, sai dai tana yawan toshewa. In an tambaye ni, mazhabar tsagwaron ruwa ita ce mafi rinjaye, kuma kashi tara cikin goma na aikin ƙunshi na yau da kullum ba ya bukatar wani abu bayanta; na bar wa mai kauri manyan fuskoki kawai, kamar rabi biyu na fiffiken babban jirgi, inda siririn zai bushe a wannan gefe kafin a kai wancan. Sharaɗinsa biyu ne, a buɗe taga, kada kuma a kusanci wuta, domin tururinsa yana kamawa. Akwai kuma tarko: yadda yake bin tsagar mahaɗa haka yake bin ƙarƙashin yatsa ko tef ɗin da aka ɗaure sassan da shi.

Da a ce ƙunsoshi sun tsaya a folistirin da labarin ya ƙare nan. Amma daga shekarun 1970 zuwa 1980 yaran jiya sun girma, sun sami albashi, sun fara ƙorafin cewa kujerar matuƙi ba ta yi kama da ta gaske ba, sai ƙananan masana'antu na cikin gida suka tashi suna zuba sassa da rezin, suna yanka siraran fallayen tagulla da ruwan asid, suna zuba ƙafafun jirgi da farin ƙarfe; François Verlinden na Beljiyam ya yi suna a rezin, kamfanin Eduard na ƙasar Cek, wanda aka kafa a 1989, ya yi suna a tagulla. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ruwan narkarwa ke yi wa komai, ko an kwana ana shafawa. Ala tilas aka koma ga tsohuwar ƙa'idar Misirawa, ta na uku mai shiga tsakani, sai dai na ukun yanzu shi ne abin da Coover ya yar a 1942. Sufa gulu ya zama wajibi ga rezin da tagulla, ana ɗibarsa da tsinken sakace ko kan allura, ba daga bakin kwalba ba; siririnsa na bin tsaga, mai kaurinsa na ba da lokaci yana cike giɓi. Yana da ƙarfi in an ja, amma yana da gautsi in an buge shi ta gefe, kuma tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi, musamman inda yatsa ya taɓa, har 'yan sanda suka mai da wannan aibi hanyar fito da tambarin yatsun ɓarayi. In ya zuba a kan auduga kuma yakan yi zafi har ya ƙona fata. Saboda haka gilashin ɗakin matuƙi ya zama rabon farin gam, mafi rauni a cikinsu duka, wanda ke bushewa garai-garai, ana kuma share abin da ya tsiyayo da jiƙaƙƙen tsumma. Inda kuwa nauyi yake, kamar dalmar da ake cusawa a hancin jirgi don kada ya zauna a kan wutsiya, ko ƙafar ƙarfe da za ta ɗauki jirgin shekaru, nan mai bututu biyu ke da hurumi.

Akwai roba guda da ta gagari kowa: mai taushin nan da Airfix ya daɗe yana zuba ƙananan sojojinsa da ita, 'yar gidan robar bokiti da buta, wadda fuskarta ke da santsi kamar kaki, ba gam ba fenti da ke zama a kanta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin liƙe tsagaggiyar buta da sufa gulu ya san haka, ya kuma san dalilin da ya sa masu liƙin roba ke yawo da wuta da guntun ƙarfe.

A watan Yuli na 1980 kamfanin Bandai na Japan ya fitar da ƙunshin Gundam, wani mutum-mutumin yaƙi na fim ɗin zane, a ma'aunin 1 cikin 144, kan yen 300. Na farkon launi ɗaya ne, sai da gam sai da fenti, kamar kowane ƙunshi. Amma kafin ƙarshen shekarun 1980 injiniyoyin kamfanin sun kai mazubansu ga daidaito da ya sa sashe ke shiga cikin ɗan'uwansa ya yi ƙas ya zauna, launuka kuma a jikin robar suke tun daga masana'anta. An sayar da fiye da miliyan 700 na waɗannan ƙunsoshi, kuma akasarin waɗanda suka haɗa su ba su taɓa buɗe kwalbar gam ba. Duk da haka gwanayen cikinsu ba su rabu da ita ba, aikinta ne ya sauya: sukan jiƙa bakin sassa biyu da ruwan, su matse har narkakkiyar roba ta tsatso ta yi ɗan kunya a kan layin mahaɗa, su bar ta kwana biyu ko uku ta ƙeƙashe, su goge da takardar yashi, layin ya ɓace kamar ba a taɓa raba sashen ba. In kuma giɓi ya yi faɗi, sai su yanyanka ragowar sandunan da sassa suka zo a jikinsu, su zuba cikin rabin kwalbar ruwan, su rufe su bar shi ya kwana. Da safe su tarar da kunu mai kauri mai yauƙi, launinsa launin ƙunshin, wato folistirin narkakkiya a cikin ruwanta, kusan daidai da abin da ke cikin bututun da kakanninsu suka matsa a kan Spitfire ɗin Woolworths.